Karen Rami: Jagora Kan Halaye da Aikin Ƙananan Karnukan Farautar Yanyawa a Birtaniya

A cikin dukan karnukan da mutanen Birtaniya suka rena domin farauta, tun daga masu tseren da ke cimma zomo a fili har zuwa masu bin sawu da hanci waɗanda ke tafiya runduna guda a gaban mahaya, babu wanda aikinsa ya kai na ƙaramin karen nan da suke kira teriya wuyar sha'ani, domin shi kaɗai ne ake aikawa inda ubangidansa ba ya ganinsa, ba ya iya kiransa, ba ya kuma iya kai masa ɗauki sai bayan haƙa mai tsawo. Malaman fiƙihu, a babin farauta, sun sanya alamar horarren kare ita ce idan an aike shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. To, shi wannan, da zarar wutsiyarsa ta ɓace a bakin rami, rabin sharaɗin nan ya fita daga hannun mai shi, ba sauran tsawa ba sauran umarni, abin da ya rage kurum shi ne ɗabi'ar da aka haife shi da ita da tarbiyyar da ya samu tun yana kwikwiyo. Saboda haka wanda duk ke son sanin wannan sana'a, wajibi ne ya fara da sanin halin karen kafin ya kai ga shebur da dagi.

Abin farautar dai ita ce jar yanyawa ta Turai, 'yar'uwar ƙaramar yanyawar nan mai launin rairayi da ke haƙa ramuka a dajin Sahel, sai dai ta fi ta girma ƙwarai, domin namijinta yakan kai kilo 6 zuwa 7, macen kuwa ta ɗan gaza haka. Galibi tana kwanciya ne a sarari, cikin sarƙaƙiya ko duhuwar kurmi, amma idan ruwa da sanyi suka tsananta, ko lokacin barbara ya zo a tsakiyar hunturu, ko ta haihu wajen watan Maris, ko kuma karnuka suka matsa mata lamba, sai ta nemi ƙarƙashin ƙasa. Ba kasafai take wahalar da kanta da haƙa sabon rami ba. Takan faɗaɗa na zomaye, ko ta raɓa a gefen gidan dagen Turai, ko ta shige bututun da manoma suka binne domin janye ruwa daga gona, ko kuwa, a ƙasar tsaunuka, ta kutsa cikin tarin duwatsun da suka gangaro suka jibge tun zamanin da ba wanda ya sani. Kowace daga cikin waɗannan mafakai tana da irin karen da ya dace da ita, kuma daga nan ne saɓanin da ke tsakanin ma'abota sana'ar ya samo asali.

Farautar yanyawa bisa dawaki, a sigar da duniya ta san ta, ta kafu ne a ƙarni na 18, kuma sunan da ake yawan jingina tsarinta gare shi shi ne Hugo Meynell, wanda ya shugabanci rundunar Quorn ta yankin Leicestershire daga 1753 zuwa 1800. Muradin mahayan shi ne sukuwa mai nisa a bayan karnukan bin sawu, ana tsallake shinge da kwazazzabo, saboda haka yanyawar da ta shige rami tun da farar safiya ta ɓata musu yini. Domin maganin wannan sai aka sanya mutum ya riƙa zagawa cikin dare, lokacin da ta fita neman abinci, yana toshe bakunan ramukan da ya sani da ƙirare da ƙasa, don gari ya waye mata a waje. Amma ba a rasa ramin da ya kuɓuce masa, kuma idan ta same shi, karnukan suka taru a bakinsa suna kuka suna tono, sai jagoransu ya busa ƙaho ya janye su gefe, a kira mai karen rami. A dā karen kan bi rundunar da ƙafarsa, ko a ɗauke shi cikin jaka a bayan mahayi; daga baya aka koma sa shi cikin akwati a kan babur mai ƙafa huɗu. Abin da ake nema gare shi ɗayan biyu ne: ko ya fitar da ita lafiya lau domin a ci gaba da sukuwa, ko kuwa, idan manomin wurin ya kawo kukan ɓarnarta a kaji ko 'yan tumaki, ya tsare ta wuri guda har a haƙo a harbe ta.

Masu sana'ar sun kasa karnukan rami kashi uku, bisa yadda kowanne ke mu'amala da yanyawa idan sun haɗu a cikin duhu. Na farko shi ne mai haushi. Shi wannan idan ya bi lungunan ramin da hanci har ya riske ta, sai ya tsaya nesa da ita da misalin ƙafa ɗaya ko biyu, ya buɗe murya ba ƙaƙƙautawa, yana matsawa yana ja da baya. Idan ta kawo masa hari ya ba ta wuri gwargwadon abin da zai tsirar da fuskarsa, idan ta juya domin ta ƙara tono ta tsere ciki ya ɗan cije ta a baya ya tilasta mata ta fuskance shi. Manufarsa ita ce ya mayar mata da mafakarta wurin da ba ya zaunuwa, har ta ga cewa hatsarin waje ya fi mata sauƙi a kan wannan fitina, ta fice ta wata ƙofa. Idan kuwa ta kai ƙarshen lungu babu mafita, sai ya zauna a kanta yana haushi sa'a bayan sa'a har mutane su iso daga sama. Irin wannan kare yakan fito da ƙasa a ido da gajiya a jiki, amma galibi babu raunin kirki, kuma washegari yana iya komawa aiki.

Na biyu shi ne mai zafi, wanda ba ya ɓata lokaci da magana: yana shiga sai ya rufe ta, ya nemi maƙogwaronta, ko ya kashe ta ko ta yi masa illa. Ga mai kallo daga nesa wannan shi ne jarumi, kuma samari masu sabon shiga sana'ar sukan yi alfahari da tabon da ke fuskar karensu. Dattawanta ba haka suke gani ba, ni ma ina tare da su. Yanyawar da ta jingina bayanta da ƙarshen rami, ba abin da ke waje sai haƙoranta, tana da rinjaye a kan duk abin da ya tunkare ta ta wannan ƙunci, saboda haka kare mai zafi yakan biya kowace nasara da tsagaggen leɓe, ko karyayyen haƙori, ko ciwon muƙamuƙi da zai kwantar da shi makonni, har ya zamana rabin lokacin farauta yana jinya. Bayan haka ba ya yin murya, wanda kuwa ba ya murya samunsa a ƙarƙashin ƙasa yana da wuya. Kuma maimakon ya fitar da ita sai ya toshe mata hanya da jikinsa, abin da aka so a gama cikin minti goma ya koma haƙar yini. Na uku yana tsakanin biyun, yana haushi har sai ya ga dama ta samu ya kama, ya saki ya koma haushi, kuma da yawa daga cikin karnukan da suka fara da haushi zalla sukan gangara zuwa wannan hali yayin da shekaru suka ƙara musu gogewa da gaba.

Sai dai kada a yi gaggawar yanke hukunci guda a kan kowa, domin ƙasa ita ce ke zaɓen karenta. A Devon, kudu maso yammacin Ingila, inda ƙasa ke haƙuwa kuma mahaya ke son gudu, an yi wani limamin coci mai suna John Russell, wanda aka haifa a 1795 ya rasu a 1883, ya kuma shafe fiye da shekara 40 yana limanci a ƙauyen Swimbridge. Yana ɗalibi a Oxford, a 1819, ya sayi wata farar karya mai suna Trump daga hannun wani mai tallar madara, tana da ɗigon ja-ja a kunnuwa da idanu da gindin wutsiya, kuma ita ce ake ɗauka tushen zuriyar da har yau ke ɗauke da sunansa, wato Jack Russell. Abin da ya nema a karnukansa shi ne su fitar da yanyawa ba tare da sun nakasa ta ba, su kasance da tsawon ƙafar da za su iya bin runduna ko su yanke hanya su riga ta isa ramin. Farin launi kuwa akwai hikima a cikinsa, domin karen da ya fito daga rami jikinsa duk warin yanyawa, karnukan bin sawu na jira a fusace, idan ya kasance ja ne yana iya halaka a bakinsu kafin a ankara.

A arewa maso yamma kuwa, a tsaunukan Cumbria, al'amarin ya sha bamban ta kowace fuska. Can ba a hawan doki, domin doki ba ya iya hawan wuraren. A dā rundunoni irin su Blencathra da Ullswater da Coniston da Melbreak da ƙafa suke farauta, kuma waɗanda ke bin su makiyaya ne da ke neman a rage musu yanyawar da ke ɗauke 'yan tumaki lokacin haihuwa a bazara. Mafakar yanyawa a can tarin dutse ce mai zurfi, mai hawa da gangara da tsagogi, wadda shebur ba ya yi mata komai, saboda haka idan ta ƙi fita babu mai iya kai mata sai karen, kuma aka bukaci ya gama da ita a ciki. Wannan larura ce ta haifar da karnukan tsauni masu launin baƙi ko ja ko gaurayen biyun, masu doguwar ƙafa domin tsalle daga dutse zuwa dutse cikin duhu, masu ƙarfin muƙamuƙi, waɗanda daga cikinsu aka samu Lakeland da Patterdale. Sunan na biyun na wani ƙauye ne kusa da tafkin Ullswater, inda Joe Bowman ya karɓi ƙahon rundunar a 1879, daga baya kuma Cyril Breay da Frank Buck suka shahara da renon irin. Zafin waɗannan karnuka yana da uzuri a wurin da aka yi su; aibin yana zuwa ne lokacin da aka kwashe su zuwa ƙasa mai laushi, inda babu wata larura, domin kawai sha'awar ganin faɗa. Ko a tsaunin ma makiyaya sun fi darajanta karen da ya san inda zai sa ƙafa, domin wanda ya zame cikin tsaga mai santsi ba ya iya hawowa, kuma an sha kwana da kwanaki ana fasa dutse domin ceto kare guda. Irin wannan ceto na daga cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙungiyar Fell and Moorland ta masu karnukan aiki a 1966.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Border, ɗan tuddan Cheviot da ke kan iyakar Ingila da Sikotland, wanda gidajen Robson da Dodd suka rena tare da rundunarsu a kwarin Coquet da na Rede, aka kuma yi masa rajista a 1920. Nauyinsa kilo 5 zuwa 7, kansa mai faɗi irin na karen ruwa, fatarsa mai kauri da sakwarkwacewa, ƙafarsa ta isa ya bi doki yini guda. An san shi da sanyin hali a gida, da zaman lafiya da sauran karnuka, da kuma jinkirin fara aiki, har wasu marasa haƙuri sukan fid da rai da shi alhali lokacinsa ne bai yi ba. Sealyham, wanda Kyaftin John Edwardes ya rena a Pembrokeshire ta Wales tsakanin 1850 da 1891, gajere ne mai nauyi da aka yi domin dage da karen ruwa, kuma shi da danginsa na Sikotland sun daɗe da barin fagen aiki sun koma karnukan gida.

Game da siffar jiki, mas'ala ta farko kuma mafi girma ita ce ƙirji, domin ƙa'idar a taƙaice take: inda yanyawa ta wuce dole karen ya wuce, kuma kewayen ƙirjinta bai cika wuce inci 14 ba. Ga yadda ake gwadawa. Ka tsaya a bayan karen, ka ɗaga gabansa ƙafafunsa na baya suna ƙasa, ka zagaye ƙirjinsa da hannu biyu daf da bayan kafaɗu. Idan manyan yatsunka sun haɗu a gadon baya, sauran kuma sun haɗu a ƙarƙashi ba tare da matsi ba, to ya gwadu. Gwani ba ya tsayawa a haɗuwar yatsu kawai, tun da hannuwa sun bambanta, yana kuma jin ko haƙarƙarin na lanƙwasa kaɗan a ƙarƙashin hannu ko kuwa ya ƙage. Kare mai faɗin ƙirji yakan ƙare ƙarfinsa wajen tono domin ya samu hanya, ya tura ƙasar bayansa ta toshe masa iska, ya isa ga abokiyar gabarsa a gajiye, in ma ya isa. Tsayin da aka fi so a kafaɗa inci 12 zuwa 14 ne, da baya mai ɗan tsawo mai lanƙwasuwa domin juyawa a lungu, da haƙoran da suka hau juna daidai. Gashi kuwa, ko kwantacce ko mai kaushi, sharaɗinsa ya zama mai yawa, mai tauri, da wani lallausa a ƙarƙashi. Gashi mai laushi yana shan ruwa, yana riƙe laka da ƙanƙara, kuma karen da ya jiƙe a kan tsauni cikin watan Janairu sanyi na iya kashe shi kafin a kai shi gida.

A nan ne fagen baje kolin karnuka ya yi wa sana'ar ɓarna. An kafa ƙungiyar rajista ta Kennel Club a 1873, Russell kansa yana cikin mutanenta na farko ko da yake bai kasance yana kai nasa karnukan baje ba, aka kuma kafa ƙungiyar Fox Terrier, wato teriyar yanyawa, a 1876. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya alƙalan baje suka karkata ga dogon kai da zurfin ƙirji da girman jiki, har karen da aka sa wa sunan yanyawa ya wayi gari ba ya iya shiga raminta. Shi ya sa masu aiki na haƙiƙa ba sa tambayar takardar nasaba. Tambayarsu ita ce me uwar ta yi, me uban ya yi, a gaban wa.

Amma siffar jiki duk da muhimmancinta rabin magana ce. Hanci shi ne farkon halayen ciki: gogaggen kare yana sunsuna bakin rami ya faɗa maka gaskiya, in akwai ya nuna, in babu ya wuce, kuma wanda ke haushi a ramin da ba kowa, wanda galibi yawan zugar mai shi ce ta koya masa, ya fi rashin kare muni, domin zai sa mutane haƙar banza. Sai murya mai ƙarfi mai ɗorewa, sai kuma dauriya, wato ya zauna kan aikinsa har a iso gare shi. Wanda ke fitowa bayan rabin sa'a, an riga an nutsa cikin haƙa, ya ba yanyawa damar sauya lungu, aikin ya koma farko. Wajibi ne kuma ya zama ba ya kula zomo, ba ya kallon tumaki ko kaji, ba ya neman faɗa da 'yan'uwansa. Abin da ya tattara waɗannan duka shi ne basira, wato ya san gwargwadon matsin da zai yi da lokacin da zai ja baya, kuma ita ce siffar da ta fi kowace wuyar samu, domin ƙarfin zuciya yana da yawa a cikin wannan jinsi, abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙarfin zuciyar da hankali ke riƙe da linzaminsa.

Tarbiyya tana farawa tun yana ɗan wata biyu ko uku, da sanin sunansa, da zuwa idan an kira, da sabawa da dabbobin gona har su zama ba komai ba ne a idonsa. Ana barinsa ya yi wasa cikin gajeren bututu domin duhu da ƙunci su zame masa jiki, daga baya a kai shi ga ɓeraye a rumbu, inda zai koyi saurin kamu da amfani da hanci. Ba a gabatar da shi ga yanyawa sai ya haura shekara, mafi alheri ma ya kai wata 18, lokacin da haƙori da hankali suka nuna. Ranar farko ɗaure shi ake yi a gefe ya ji muryar babban kare daga ƙasa, ya ga ƙarshen haƙa, ya sunsuna ramin bayan an gama. Idan an ga yana ja da igiya da kansa, sai wata rana a zaɓar masa rami marar zurfi mai ƙofofi kaɗan. Haramun ne a sana'ar a tura kare cikin rami da hannu. Wanda aka yi wa gaggawa ya sha wuya tun bai shirya ba, ɗayan biyu ke samunsa: ko ya tsorata har abada, ko ya ƙulla gaba ya zama mai zafin da ba ya jin magani, kuma duka biyun laifin mai shi ne.

Wajibi ne mai karatu ya sani cewa dokar ƙasar ta sauya wannan sana'a daga tushe. Dokar 1992 ta kare dage da gidansa, har sa kare cikin ramin da yake zaune laifi ne. Bayan binciken da Lord Burns ya jagoranta a 2000, Sikotland ta yi dokarta a 2002 ta kuma sabunta ta a 2023, majalisar Landan kuma ta zartar da dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales ranar 18 ga Fabrairu 2005 ta hana farautar yanyawa da rundunar karnuka. Ailan ta Arewa ba ta shiga ciki ba. Abin da ya rage halal a Ingila da Wales ƙunci gare shi: kare ɗaya tak a ƙarƙashin ƙasa, domin kare tsuntsayen da ake kiwo saboda harbi, da rubutaccen izinin mai ƙasar a aljihu, da nufin a fitar da ita da wuri a harbe ta nan take, kuma ƙa'idar aikin ta sharɗanta kare mai haushi, ta fitar da mai zafi. Makiyayan tsauni sun yi kukan cewa an halatta domin tsuntsun attajiri an hana domin ɗan tunkiyar talaka, kuma kukansu yana da hujja. Masu adawa da sana'ar baki ɗaya su ma suna da tasu, domin dabbar da aka tsare sa'o'i a ƙarshen rami tana shan azabar tsoro, kuma an sha kama waɗanda suka mayar da abin wasan haɗa dabbobi faɗa. Shari'armu ta hana zuga dabbobi a kan juna, ta kuma yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa; da wannan ma'auni, kawar da mai ɓarna cikin gaggawa yana da fuska, tsawaita wahalarta domin nishaɗi ba shi da ko ɗaya.

Game da yadda ake gudanar da aikin kuwa, idan an zo ramin, abu na farko shi ne karanta bakinsa. Gidan dage yana da ƙofa mai faɗi fiye da tsayi, da tulin ƙasa babba gauraye da busasshiyar ciyawar shimfiɗa, da 'yan ramukan kashi a kusa, da sawu mai yatsa biyar. Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan sai a kama kare a wuce. Na yanyawa ya fi ƙunci, yana da wari mai ƙarfi, sau da yawa da gashin tsuntsu ko ƙashi a bakinsa, sawunta kuma yatsa huɗu. A duba irin ƙasar, domin rairayi yana rushewa, bututu yana cika da ruwa, saiwar babban itace tana hana haƙa. Sai a cire wa karen duk abin wuyan da zai iya maƙalewa, a ɗaura masa na'urar da ke aiko da alama zuwa akwatin da ke hannun mai shi tana nuna wuri da zurfi. Kafin zuwanta kunne ake karawa a ƙasa, ko a soka dagi a saurari rawar haushin ta jikinsa. Ba a taɓa sa kare biyu tare, domin na baya yana tura na gaba cikin haƙoran yanyawa ya kuma hana shi ja da baya. A shimfiɗa raga a ƙofofi ko mai bindiga ya tsaya inda yake ganinsu, kowa ya koma inda iska ba za ta kai warinsa cikin ramin ba, ba magana, ba taba, ba taka ƙasa da ƙarfi, domin yanyawar da ta ji mutum a sama ta gwammace ta zauna da karen.

Wadda ba a kora ba takan fito cikin 'yan mintoci. Wadda ta gaji da gudu, ko mai 'ya'ya, takan ƙi. Idan alama ta tsaya wuri guda kuma murya ta daidaita, to ta kai ƙarshen lungu, sai a fara haƙa ba da ɓata lokaci ba. A yanke ciyawar sama fala-fala a ajiye gefe, a buɗe bakin da faɗi gwargwadon zurfin da ake tsammani, kamar yadda mahaƙin rijiya ke yi a ƙasa mai zubewa, a nufi bayan karen ko kafaɗarsa, kada a faɗa kan yanyawar. Idan ya rage ƙafa guda sai a ajiye ƙarfi a koma sassaƙa a hankali, domin shebur ya kashe karnuka da yawa, rufin da ya faɗa kuma ya binne wasu. Da an ɓula sai a share masa iska, a ɗaga shi, a miƙa shi ga wanda zai riƙe shi nesa, a gama da yanyawar da harsashi ɗaya. Bayan nan a gyara hanyar ramin, a mayar da ƙasa, a jera ciyawar a mazauninta, domin kada dabbar manomi ta karye a ciki.

Karen ne za a fara dubawa kafin kowa ya sha ko ruwa. A wanke masa idanu da ruwa mai tsabta har ƙasar ta fita, domin wadda ta kwana a ƙarƙashin fatar ido tana gurje shi; a buɗe bakinsa a duba leɓe da dasashi da haƙora; a bi fuska da ƙarƙashin haɓa da yatsa, tun da cizon yanyawa ƙaramin huji ne mai zurfi da ke rufewa a sama ya ruɓe a ciki. Duk raunin da ya wuce ƙuje na likitan dabbobi ne, kuma ɓoye shi a yi ɗinkin gida laifi ne a dokar ƙasar. A ba shi ruwa kaɗan kaɗan, a goge shi ya bushe, a sa shi cikin akwati mai busasshiyar shimfiɗa, abinci kuwa sai ya huce, kuma ko ya nuna yana so, ba a mayar da shi rami na biyu a ranar da ya yi doguwar tsayuwa.